Rasuwar Dikodar Shago Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido kuma a buɗe yana lura da kowa, Mai Aski na bakin layi yana sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da waɗanda suka san abin da suka aikata, rasuwar dikodarsa, akwatin kamo tashoshin talabijin, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata da yamma a kan kantarta, ana tsakiyar kallo, ko sallama ba ta samu yi ba.

Marigayiyar ta zo shagon tun Mai Aski bai fara furfura ba. Ya sayo ta ne don ƙwallo da labarai, domin a fahimtarsa iyakar abin da namiji ke kallo ke nan. Ba ta da hayaniya. In an kunna ta sai ta ce "ƙit," ta rufe jan idonta ta buɗe kore. In hadari ya taso, ta rubuta "Babu sigina" cikin ladabi, ta jira ya wuce. Muryarta ba ta tashi sai an zura ƙwallo, a nan ne za ka ji "Ta shigaaa!" har bakin titi, kuma a nan ne kunnuwa da yawa suka samu tabon da suke yawo da shi har yau.

Aibinta ɗaya ne, shi ma ba ita ta jawo wa kanta ba. Bango ne kawai ya raba shagon askin da shagon gyaran gashi na yayarsa, wadda duk layin ke kira Yaya. Ita ta goya shi yana ƙarami, don haka da ta ce a huda bangon a ja waya zuwa talabijin ɗinta, bakinsa bai iya musu ba. Sai da aka huda ya gane cewa dikoda ɗaya tasha ɗaya take nunawa, abin da aka kalla can shi za a kalla nan. Aka yi sulhu. Yini nasa ne, amma da ƙarfe huɗu ta buga Yaya za ta shigo, ta canza tasha, ta fita da rimot a aljihun rigar aikinta.

Abin da take sakawa wani dogon fim ne mai fassara, na wani likita wanda matarsa ke tuƙa jirgin ruwa. Ita tana teku, shi yana gida da jaririya a baya, yana wanke-wanke, in abin ya ishe shi ya zauna a bakin gado ya sha kukansa. Mazan shagon suka yi tir. Mahauci, wanda ya fi kowa murya, ya ce, "Wannan ai lalata maza ne. Namiji da zanin goyo? Tsaya, ita matar ta san yarinyar ba ta da lafiya?"

Duk da wannan tir ɗin, benci bai taɓa cika irin na ƙarfe huɗu ba. Akwai wani mai sanƙo da kansa ke ƙyalli kamar bayan cokali, kullum sai ya zo a gyara masa fuska. Mai Aski ya ɗauka hannunsa ne ke faɗawa da yamma. A ɗaya ɓangaren ma abin ya yi naso, domin ran wasa sai ka ji muryar Yaya ta ramin bango: "Ina satar gidan a nan? Alƙalin wasan nan makaho ne!"

Jinyar marigayiyar gajera ce. Ta fara da zazzaɓi, jikinta ya yi zafi har ba a iya taɓawa. Sai in'ina ta biyo baya, fuskar likitan ta riƙa tsattsagewa gida-gida. Ranar da abin zai faru, jirgin matar ya iso gaɓa bayan doguwar tafiya, ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofa, likitan ya taso da goyonsa. Kalmar ƙarshe da aka ji daga bakin 'Yar Baƙa ita ce, "Wane ne?" Daga nan idonta ya mutu.

Mai Aski ya yarda kowane mai rai mamaci ne, amma bai yarda wannan mutuwar ta zo da ƙafarta ba. Yana zargin Mahauci, wanda aka taɓa kamawa ta madubi ana tsakiyar fim ɗin idonsa ya yi jawur, ya ce man aski ne ya shigar masa, alhali ba a kai ga shafa masa ba. Tun ranar ake ce masa Likita, kuma ya rantse sai ya ga bayan akwatin. Yana zargin Direban Tasi, wanda matarsa ta fara tambayarsa ko hannunsa ciwo yake da ba ya ɗaukar ɗansa. Sai dai babban zargin, wanda yake hana shi cin abinci, yana bayan bango. Ana saura kwana ɗaya rasuwar, da idonsa ya ga an shiga shagon Yaya da sabon kwali.

An kai gawar wurin mai gyara don a binciki musabbabin mutuwa. Ya kwance ta, ya hura, ya yi atishawa.

"Maigida, gashi ne ya toshe ta, ta kasa shan iska."

"Gashin wa?"

"Gajere ne, irin na aski."

Mai Aski ya jinjina kai. Wannan ya ƙara tabbatar masa da cewa aikin na masu wayo ne, domin wa ya fi masu gyaran gashi almakashin da za a mayar da dogo gajere?

Marigayiyar ta bar talabijin ɗaya da ya zama maraya, da dish a kan rufi yana ta kallon sama, da rimot wanda har yanzu ake tsare da shi a aljihun da aka ambata. Ta bar ramin bango, wanda aka toshe da tsumma daga wancan ɓangaren. Ta kuma bar benci, kuma a nan ciwon yake. Tun ranar Talata ƙura ce ke zama a kansa. Kwalin nan sabuwar dikoda ce, kuma kwatsam mazan layin duk suka zama masu raka matansu gyaran gashi. Mahauci, da ba shi da mata, ya ce farce ya je a yanke masa.

Mai Aski ya tare Yaya a bakin ƙofa. "Yaya, kwalin nan fa? Ya aka yi ya riga mutuwar zuwa?"

"Ƙanena, tun bara nake ce maka ka riƙa share ta. Na ga alamar tafiya ce, na yi tanadi. Ka shigo mana, akwai kujera, duk mutanenka suna ciki."

Mutanenka. Kalmar ta soke shi. Shekara da shekaru yana alfahari da cewa hannunsa da hirar maza ne ke tara jama'a, ashe albarkacin namiji mai zanin goyo yake ci. Ya yi baƙin ciki na gaske, kuma ba duka ne na 'Yar Baƙa ba.

Za a yi jana'izar marigayiyar ranar Asabar da hantsi. Za a naɗe ta a tawul ɗin shago, a miƙa ta ga mai sayen tsofaffin ƙarafa, in ya yi alkawarin ba zai fasa ta a gaban iyalanta ba. Ana karɓar gaisuwa a shagon aski, ƙofar hagu, ba ta dama ba, don kada wani ya ce ɓatan kai ya yi. Waɗanda ake zargi ma suna iya zuwa, za a lura da fuskokinsu. Za a tashi daga zaman kafin ƙarfe huɗu, saboda Mai Aski zai shiga maƙwabta ya ci gaba da bincike. Mai nemansa zai same shi a kujerar baya, kusa da injin busar da gashi, da injin askinsa a aljihu, ko Allah zai sa wani ya shafa kansa ya tuna da shi.