Yadda Za Ki Gyara Log ɗin Maigida Ba Tare da An Gyara Shi Duka Ba

Ranar da aka kira ni daga ofishinsu, na kusa ƙin ɗauka, domin tun safe wayar ke kuka. Baban yara ya haɗa wani akwati kamar kwalin sabulu, ya ɗora kan firij, aikinsa gadin tankin ruwa da turo mini saƙo. A safiyar nan ya taɓa wani abu a ciki, ya ce in ya dawo zai ƙarasa. Ya faɗi a wurin aiki, bai dawo ba. Akwatin kuwa bai ji labari ba, ya ci gaba da surutu.

Ban yi nisa a karatu ba, amma na yi shekaru ina yanka albasa kusa da mutumin da ke zagin kwamfuta. Ki bi matakan nan, na ba ki tabbaci na'urarki za ta warke, kuma ba za ta daina magana da bakin mijinki ba.

Mataki na 1: Ki san irin bakin da take da shi

Log shi ne inda na'ura ke faɗin halin da take ciki, kuma hawa-hawa ne. Era sai gida ya kama wuta yake magana. Wonin, in ya ji ƙauri. Info mai ba da labari ne da hankali. Dibog kuwa maƙwabciyarki ce ta bayan katanga: ruwa ya motsa, ruwa ya tsaya, ruwa yana nan. A kan dibog Baban yara ya bar mu. Masu zuwa gaisuwa na kuka, waya na ƙarƙashin filo tana sanar da ni cewa ruwa yana nan.

Mataki na 2: Ki kashe, ki kunna

Ba zai yi ba. Amma ki yi, don in an tambaye ki. Duka da ludayi ma ba ya yi, na gwada miki.

Mataki na 3: Ki kira ƙwararre, ki riƙe abincinsa

Nawa Auta ne, ƙanin maigida, aikinsu ɗaya. Ga gemu ga tumbi, amma har yau Auta. Ƙwararre in ya ƙoshi bayani yake yi, in yana jin yunwa aiki yake yi.

Ya jona kwamfutarsa ya ce, "Matar Yaya, akwatin nan ya kusa mutuwa. Cikinsa ya cika da surutu, ba wurin numfashi."

Na ce, "Gado ne. Ka ga cikinka?"

Mataki na 4: Ki bar shi ya gyara abin da ke kisa

Ya sauke shi daga dibog zuwa info. Ya sa tsoffin bayanai su riƙa sharewa da kansu in sun taru. Ya gyara agogon da ke cewa rana ta faɗi alhali ina shanya. A nan ki riƙa gyaɗa kai kina cewa "haka marigayi ya ce." Ba mai iya musa miki.

Waya ta huta. Saƙo ɗaya ya rage, na safe, wanda Baban yara ya rubuta da hannunsa: "Tanki ya cika, ki kashe inji, kada ki ce ban faɗa ba." Yana shigowa, sai wani irinsa sak ya biyo shi.

Mataki na 5: In ya ce "Yauwa!", ki ajiye wuƙa ki zo

Nan ne hatsarin. Auta ya buga cinya ya ce, "Na kama shi! Handila biyu Yaya ya sa."

"Wace ce kuma handila?"

"Ɗan aike ne, mai kai saƙo. Ya aiki mutum biyu da magana ɗaya, shi ya sa kike samu sau biyu. Abin da yake nema ke nan ran nan. Layi ɗaya zan goge, shi ke nan."

Yanzu ki saurara. Baban yara tun da na san shi bai taɓa faɗin magana sau ɗaya ba. Kin kulle ƙofa, kin kulle ƙofa? Ina makullina, ina makullina? Na sha ce masa kunnena biyu ne amma ba layi suke bi ba.

Mataki na 6: Ki yi duk abin da ya kama

Na ce abinci ya yi. Ya ce bari ya ƙarasa. Na ce ana kiransa a waje. Ya ce ba wanda ya san yana nan. Na taka wayar cajinsa ta zare, ashe kwamfutar tana da batir. Sai na ɗora kwanon albasa a kan madannan kwamfutar, na dafe.

"Matar Yaya, kuskure ne fa. Ko ɗan koyo aka gani da shi dariya za a yi masa."

"A yi. Kuskuren yayanka ne ko naka?"

"Nasa ne."

"To, ka bar masa abinsa. Komai nasa an kwashe, har takalma. Wannan kaɗai ke maimaita mini magana a gidan nan."

Ya daɗe yana kallon layin. Ya cire tabarau yana goge ido, ya ce albasar nan tawa ba ta da mutunci. Sannan ya rubuta wani abu a saman layin. Na ce me ya rubuta? Ya ce gargaɗi ne ga duk wanda zai zo bayansa: kada a taɓa, haka mai shi yake magana.

Daga nan ki zuba masa abinci, ki ƙara nama.

Ba ruwana

In akwatinki ya ƙone, ko tanki ya yi ambaliya a kan shanyar maƙwabta, ko ƙanin mijinki ya daina gaishe ki, kada ki neme ni. Ban san ki ba, ban ma iya rubutu sosai ba. In kuma dole sai kin zo, kada ki zo da sassafe, ina da aiki. Waya za ta yi ƙara, in ce, "Na ji." Ta sake yi, in ce, "Na ce na ji, Baban yara." Sai in je in kashe inji.