Kaset Ɗin Da Ya Tafi Argungu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kaset ya tona mini asiri a gaban manya ba. Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ina aiki a wani ofishin noman rani a Birnin Kebbi. Kwamfuta ɗaya tal muke da ita, kuma ni kaɗai aka tura kwas a kanta, don haka har tafiyata ta canza (gilashin ido ma na saya, alhali idona ƙalau).

Irin kwamfutarmu a kaset na rediyo ake adana mata aiki. Duk awon gonakin shinkafar da muka sha rana muka yi a fadama, a kaset yake kwana. Na'urar ɗaukar ce dai ba ta da amana. Yau ta tauna zare, gobe ta yi ta juyawa kamar ta Allah, a duba a tarar ba ta ɗauki komai ba. Sai na yi dabara: duk ranar da ta yi abin kirki, in tafi da kaset ɗin ɗakina a unguwar Nassarawa in kwafe shi da rediyona mai baki biyu. Nakan ce wa shugaban ofishinmu, "Ranka ya daɗe, ko gobara aka yi aikinmu na nan."

A lokacin kuma ina neman Rabi, 'yar wani masunci a Argungu. Da na tsaya gabanta sai bakina ya mutu. Shi ne na zauna na juye duk abin da ke raina a kaset, na ba wani direba ya kai mata.

Ranar da Darakta ya zo daga Sakkwato duba aiki, ranar kwamfuta ta ga damar shafe komai. Aka sa kaset ɗin ofis, na'ura ta taune shi a idonsa. Shugabanmu ya fara zufa. Ni kuwa cikin isa na zaro nawa daga aljihu, na ce kowa ya kwantar da hankalinsa.

Kwamfuta ta ƙi karɓa. Na sake sawa, ta ƙi. Darakta ya ce a gwada shi a rediyo, in da aiki a ciki za a ji irin ƙarar nan tasa mai tsinka kunne. Aka kawo rediyo, aka ƙure murya.

"Rabi... Rabi, tun randa na gan ki bakin gulbi ban ƙara jin daɗin tuwo ba."

Muryata ce, har da gyaran murya! Na kai hannu zan kashe, Darakta ya riƙe ni. "Bari mu ji, yaro. Wataƙila awon na gaba."

Babu awo a gaba. Waƙa ce a gaba, kuma ni na rera ta.

Ashe kaset ɗin awon na ba direba. Ban tsaya sallama ba na hau babur sai Argungu. Na tarar da mahaifin Rabi a ƙofar gida yana ɗinkin taru. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kai ne ka aiko wanga abu?" in ji shi. "Mun ka sa shi, sai kuka yake kamar an taka aljani. Uwatta ta ce sammu ne ka yi wa ɗiyata."

"Baba, aikin gwamnati ne. Yana ina?"

"Yana gulbi. Da hannuna na jefa shi."

Haka muka koma fadama muka sake awon tun daga farko, cikin taɓo, abokan aiki suna hararata. Da an kawo abinci sai wani ya ce, "Malam, za ka iya ci kuwa?" Maganar aure ma sai da kawuna ya je ya yi rantsuwa cewa ban san ƙofar boka ba, sannan aka ba ni Rabi.

Tun daga nan ba na yarda da kaset sai na saurare shi da kunnena, na kuma rubuta suna a bayansa. Rabi kuwa har yau ba ta ji saƙonta ba, don Darakta ya tafi da shi Sakkwato. An ce har a mota yake sawa in zai yi doguwar tafiya.