Jarumin da Na Zana wa Baba Illa

Har yau ina cewa laifin hoton ne. Baba Illa, mai shayi a tashar Buza, shi ya kawo mini hotonsa, ya ce in zana shi a bangon shagonsa kamar jaruman fim masu tashi sama. Na duba hoton: wuya kamar sillen kara, kafaɗu a zube. In na bi gaskiya, wa zai tsaya shan shayi?

"Baba, bar mini aikina," na ce. Na ba shi ƙirji kamar rumbu, damatsa kamar turame, na rufe masa fuska da baƙin ƙyalle. Na ja da baya ina jiran tafi.

Mutane suka taru, ba wanda ya tafa. Wani makiyayi daga Deule ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo kaina.

"Wanga ƙato shi na yak kore min awaki. Haka yar ruhe huska. Ina ka san shi?"

Na nuna Baba Illa. Makiyayin ya dubi tsohon, ya dubi bango, ya tafi ya kira jandarma. Na yini ina rantsuwa cewa Baba Illa na zana. Jandarman ya kara hoton da zanen, ya ce ko kunnen bai yi kama ba. Baba Illa kansa ya ce bai san mutumin ba.

Yanzu ko kaza ce ta ɓace a Buza, sai a tare ni a hanya: "Mai zane, gaya ma abokinka shi maido."