Rasuwar Gwaggo, Mai Shayar da Yis

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ɗalibar da ake wa laƙabi da Mai Yis take sanar da rasuwar Gwaggo, na'urar lantarkin nan ta kan teburin ƙarshe, kusa da taga, a ɗakin bincike na hawa na biyu. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha tara a bakin aiki.

Marigayiya ba ta da yawan magana. Ƙit, ƙit, ƙit, ɗan bugun lantarki, shi ke nan, sai ƙwayoyin yis, irin na kumbura burodi, su buɗe ƙofofin jikinsu na ɗan ƙiftawar ido, su sha sinadarin ƙarfen da aka jiƙa su a ciki, su rufe. Ba ta taɓa zafafa hannu ta kashe su ba. Albarkacinta Mai Yis ta ga yis ya sha ƙarfe ninki biyu, har sau biyu, ta fara mafarkin abinci mai sinadarin ƙarfe da zai taimaki mata masu ƙarancin jini irin yayarta.

Saura gwaji na uku. Farfesa, mai duba aikinta, ya faɗa tun farko, "Sau biyu dace ne, 'yata. Kawo na uku in sa hannu." Kwamitin jarrabawa kuwa zai zauna nan da kwana goma sha ɗaya.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Tas! Sai shuɗin tartsatsi, sai ƙauri. Baba mai gyara ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya ce, "Tsufa ne, a yi haƙuri." Kowa ya yarda. Wallahi ba tsufa ba ne. Ƙa'ida ce a wanke yis sau uku kafin a kai wa Gwaggo, don ragowar gishiri kan sa wuta ta yi tsalle. Mai Yis, garin sauri, sau ɗaya ta wanke. 

Marigayiya ta bar kwalabe shida na yis a firji, waɗanda ba za su kai mako ba, da ɗalibai biyu da ke jiran layinsu su ma, da babi na huɗu na kundin digirin Mai Yis da ba shi da ƙarshe.

Za a kai ta makwancinta gobe da ƙarfe goma, a sito na ƙarƙashin bene, kusa da matattun kujeru. Kafin nan, da ƙarfe tara, Mai Yis za ta ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa ta gaya masa sau nawa ta wanke yis. Masu ta'aziyya su dakata a baranda. Ba a sani ba tukuna ko gawa ɗaya za a ɗauka ko biyu.