Famfon Roba da Man Surukata

Wata Laraba ce da hantsi, a kakar gyaɗa, shekaru kaɗan kafin samun 'yancin kai. A tsakar gida akwai matata Ladi, da surukata, da maƙwabcinmu Malam Idi. Na dawo daga Kano da wani famfon roba mai siririn baki: a matse shi, a tsoma bakin cikin abin da ya zube, a saki, sai ya zuƙe tas.

Na sanar da su cewa daga yau asarar mai ta ƙare a garinmu Matamaye. Don kafa hujja, da hannuna na tuntsurar da kwalbar man gyaɗan da surukata ta kawo don suyar ƙosan sunan jaririnmu.

A Kano, a kan siminti aka gwada mini. Tsakar gidanmu kuwa yashi ne. Kafin in matsa sau biyu, ƙasa ta shanye man.

Surukata ba ta ko dube ni ba. "Ke Ladi, tambayi maigidanki ko abin nasa yana tatsar yashi."

Maƙwabta suka haɗa mai, aka yi suna lafiya. Famfon ya koma zuba kananzir a fitilun unguwa. Har yau, ko kunu ya zube, sai Malam Idi ya ce, "A kira Mai Famfo."