Langar Maganin Inna

Ranar Talatar nan da hantsi ina gidan mai, ni ne na uku a layi bayan awa biyu ina tura babur da ƙafa, sai ga wayar maiɗakina Mariyamu: Inna ta faɗi. Mahaifiyata ke nan, shekarunta saba'in da 'yan kai, tana wurinmu a nan Azare tun da muka ɗauko ta daga Gololo. Ta miƙe daga tabarma za ta ɗauki buta, jiri ya kwashe ta, goshinta ya daki turmi. Haka na bar layin da na sha wa rana. Na bayana yana ta "Allah ya sawwaƙe" yana turo babur ɗinsa gurbina.

A asibiti, wanda ba zan faɗi sunansa ba don gobe ma can zan koma, likita ya auna ta ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Na ce, "Likita, ko dai na'urar ce ta gaji? Ai Inna hawan jini gare ta, shekara shida ke nan." Ya ce, "Je ka kawo duk abin da take sha. Kada ka bar ko ƙwaya ɗaya."

Na koma gida na janyo langa daga ƙarƙashin gadonta. Langar aurenta ce, mai zanen fure a murfi. Na buɗe. Ƙwayoyi ne tsirara, fari da ja da ruwan ɗorawa, babu kwali babu takarda, duk ta ɓare su ta zuba wuri guda, wai ledar azurfar nan tana ba yatsunta wahala.

Mai ba da magani a asibitin, Malama Mas'uda, ita kaɗai ce a taga, mutum ya fi ɗari a gabanta. Duk da haka da ta sami sarari ta zo bakin gadon Inna, ta juye langar a kan farar takarda, ta shiga tsince su kamar mai tsintar shinkafa.

"Hajiya, wannan farin fa?"

"Na asibiti ne, 'yar nan. Ɗaya da safe."

"Jan fa?"

"Na Alhaji ne, Allah ya ƙara masa girma."

"Mai ruwan ɗorawar?"

"Na aminiyata Ya Fanna ne. Da ta zo dubiya ta kawo mini."

Malama Mas'uda ta yi ta juya su tana karanta 'yan haruffan da ke jikinsu, sannan ta dube ni. Ta ce duka ukun maganin hawan jini ne, biyu ma abu ɗaya ne sak, kamfani ne kawai ya bambanta. Kusan mako uku Inna tana haɗiye rabon mutum uku kowace safiya da kunu. Ta ce da a kan ƙarfe ta faɗi, ko ƙugunta ya karye, da yanzu wata maganar ake yi. Na zauna a bakin gadon.

To bari in gabatar muku da Alhajin. Mai Girma Gatan Tsofaffi, Inuwar Marasa Galihu, bai san Inna ba, amma yana son ta, musamman idan kakar neman jama'a ta gabato. Watan jiya ya aiko a raba wa tsofaffi magani kyauta a filin unguwarmu. An kafa rumfa, an zo da makaɗa, an zo da masu kyamara har huɗu. Likita ne dai aka manta a hanya. Aka jera iyayenmu a rana, mai ciwon gwiwa da mai ciwon suga da mai tari, kowa aka miƙa masa leda, ya ɗaga, aka ɗauki hoto.

Ledar kuwa sai wanda ya gani. Hoton Mai Girma a gaba yana murmushi, hular nan ta zauna daidai, sunansa da manyan baƙaƙe, a ƙasa an jera laƙabinsa har layi uku. A gaskiya an yi ƙoƙari. Wuri ne kawai ya ƙare kafin a zo ga sunan magani, da yadda ake shan sa, da ranar da zai lalace. Ni ban ga laifin kowa ba. Leda ƙarama ce, girma kuma yana da yawa, dole wani abu ya haƙura.

Na tambayi Inna dalilin da ya sa ba ta zaɓi ɗaya ba. Ta harare ni da idon da bai kumbura ba.

"Kai dai ba ka da ta ido. Mutum ya ba ka abu don Allah ka ajiye? In Ya Fanna ta tambaye ni, 'Kin sha?' in ce mata me? Kyauta ai ba a raina ta."

Nan ne gizo ke saƙar. A wurin iyayenmu dubiya ba a zuwa hannu sake. Da can fura ake kaiwa, ko ƙwai, ko goro. Yanzu da komai ya yi tsada, abin da ya fi daraja a ɗakin tsohuwa shi ne maganinta, shi za ta ƙulle a bakin zane ta kai wa aminiya. Wadda aka kai wa kuma kunya ba za ta bar ta ta ƙi sha ba. Garin neman gira, saura ƙiris mu rasa ido.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni ne nake karɓo wa Inna magani duk wata, in miƙa mata in ce Allah ya ƙara sauƙi, in ji na cika ɗa. Ban taɓa ɗaga murfin langar nan ba. Ina da bakin zagin manya a shafin jaridar nan duk mako, amma ban taɓa zama minti biyar na ga abin da uwata ke haɗiyewa ba. Na ji kunya, kuma har yanzu ina jin ta.

Da yamma maƙwabcina Malam Babagana ya zo dubiya. Ɗan Ya Fanna ne, kuma yana cikin waɗanda suka raba ledojin Mai Girma, har da hula aka ba shi. Na zayyana masa abin da ya faru.

Ya ce, "Haba Malam, yaba kyauta tukwici. Mutum ya kashe miliyoyi a kan iyayenmu, kai kana maganar rubutun jikin leda? Daga nan har garin Yana waye ya taɓa yin irin wannan?"

Na ce, "Babu, shi ya sa tsofaffin Yana suke tsaye da ƙafafunsu."

Ya fara kumbura, sai Malama Mas'uda da ke wucewa ta tsaya. Ta ce, "Mahaifiyarka ce ta ba da mai ruwan ɗorawar? To ita me take sha yanzu?"

Ya ce ai ita ma ta sami leda, da hannunsa ya ba ta. Ta ce ya je ya kawo tsohuwar da ledar, yanzu ba gobe ba.

Ashe Ya Fanna gani ta yi tun da na Alhaji ya samu, sai ta kwashe nata na asibiti gaba ɗaya ta kai wa Inna, don shi ne mai kyau, aminiya kuma mai kyau ake ba ta. Ita ta koma shan na leda. Malama Mas'uda ta zazzage ledar, ashe ba irin na Inna ne a cikinta ba: maganin tsutsar ciki ne da na ƙarin jini. Mako uku matar nan ba ta sha ƙwayar hawan jini ko ɗaya ba. Da aka auna ta, nas ɗin ta sake aunawa, ta kira likita da gudu. Hannunta na hagu ya riga ya fara nauyi tun ranar Litinin, ta yi shiru don kada ta tayar wa ɗanta hankali. Malam Babagana ya cire hular nan ya cusa a aljihu, ya tsuguna jikin bango yana share ido. 

Yau Alhamis, an jera su gado kusa da gado. Malama Mas'uda ta rubuta wa kowacce takardarta, ta ce kowane magani ya zauna a kwalinsa, kuma duk zuwa asibiti a taho da su gaba ɗaya. Inna ta gyaɗa kai kamar ta haddace. Malamar tana fita, Inna ta yafito ni, ta kwance bakin zanenta, ga farar ƙwaya biyu da ta ɓoye.

"Ungo, miƙa wa Ya Fanna. Kada a ce ta kwanta kusa da ni ban ba ta komai ba."

Na karɓe, na sa a aljihu, na fito waje don kada su ga fuskata. A bakin ƙofa rediyon mai gadi yana shelar cewa tsofaffi dubu goma ne suka amfana da rabon Mai Girma, kuma za a yi zagaye na biyu ranar Asabar. Ni dai ban san inda sauran suke ba. Biyu daga ciki suna gado na huɗu da na biyar, ana shiga dubiya bayan la'asar, kuma don girman Allah a zo hannu rabbana.