Tanimu da Fararen Riguna

A gidan Buhari mai hoto, can bakin kasuwar Garin Tsamiya, kyamara ɗaya tal ke ciyar da kowa: shi, da matarsa Asabe, da ƙaninsa Tanimu, ƙaton mutum har da furfura, wanda in ka ce ya tsaya nan sai ka dawo ka tarar kaji na kiwo a ƙafarsa. Da yanar ido ta fara rufe wa Buhari gani, dole ta sa ya damƙa wa Tanimu kyamarar. Damuwarsa ɗaya ce: mutanen garin ba su da ado sai fararen kaya, ba sa taro kuma sai rana ta take. Haske ya yi yawa, riga ta fito fayau kamar takarda, aikin wuya ya ɓace, mai riga ya yi fushi ya koma wurin masu waya.

Wata rana aka kira su suna. Buhari ya ce, "Kada ka ɗauki farin abu cikin rana." Tanimu ya tarar liman da farar riga, uban jariri da farar riga, har ragon ma fari. Ya dawo da hoton tukwane da na wata baƙar akuya da ba ta gidan ba.

"Ina mutanen?"

"Duk farare ne, Yaya."

Buhari ya dafe kai.

Wata rana kuma ɗaurin aure ne. Buhari ya ce, "To ka ɗauke su, amma ka kai su inda rana ba ta leƙawa." Tanimu ya tattara ango da abokansa, ya tura su shagon mai gawayi, ya ja ƙofa. Hoto ya fito baƙi ƙirin, rigunan ma haka suka fito. Daga nan ciniki ya tsaya cak.

Wata rana Sarkin Noma ya aiko a ɗauke shi da sabuwar babbar rigarsa. Shi kaɗai ya rage bai juya musu baya ba. Buhari ya ce a gajiye, "Duk inda haske ya yi yawa, za ka ga wurin yana ƙyaftawa a bayan kyamara. Kada ka danna sai ya daina." Nufinsa a murza abin rage haske, amma ya gaji da bayani.

Tanimu ya tsayar da dattijon tun azahar.

"Danna mana, bawan Allah."

"Yana ƙyaftawa, ranka ya daɗe."

Sarkin Noma ya tsaya, ya zauna, ya yi tsaki, ya je sallar la'asar ya dawo. Sai da rana ta yi sanyi ta koma bayan rumbuna sannan ƙyaftawar ta daina. Kowane zare na aikin rigar ya fito, fuskar dattijon kuma da murmushin wanda ya gaji da fushi.

Hoton ya zaga gari, jama'a suka cika ƙofar gidan Buhari. Buhari ya miƙe yana lalube, yana gyara hula.

"Sannunku da zuwa, ga ni."

"Ba kai ba, Malam Buhari. Ƙanin naka muke nema, mai haƙurin nan."

Ya koma kan benci. Ya ji daɗi, abinci ya dawo gida, amma abin ya yi masa ɗaci. Tanimu ya tsaya a gabansa rungume da kyamara, yana jiran umarni. Buhari ya ce masa:

"Je ka, Tanimu. Yau ba abin da zan gaya maka."